WAYAR HANNU DA TUƘI: MAI KIRA MA YANA DA NASA ALHAKIN



An umurce ni in yi magana a kan direbobin da ke amfani da wayar hannu suna cikin tuƙi, da yadda ya kamata a yi da su. Na san a cikin wannan taro akwai waɗanda suka kama sitiyari tun ba a haife ni ba, saboda haka ba koya wa kowa tuƙi na zo yi ba. Tuni kawai na kawo. Kuma maganar tawa ta wuce kan direbobi, ta haɗa da mu da muke shiga mota, da mu da muke ɗora kaya, da mu da muke zaune a rumfa muna buga wa direba waya.

INA RUWANMU DA ABUJA?

Misalan da zan kawo yawancinsu daga Abuja suke. Watakila wani ya ce, mu da muke zaune a Ikko da Badun da Binin da Anaca da Fatakwal, ina ruwanmu da abin da ake yi a can? Ruwanmu kuwa babba ne, don dalilai biyu.

Na farko, hanya ce. Da yawa daga cikinmu in za mu gida, ko in an ɗauko mana kaya daga gida, ta nan ake ratsawa. Wanda ya biyo ta Lakwaja, ya haye Kogin Kwara a gadar Jamata, sai ya wuce Koton Karfe ya shiga Abaji, ya ratsa Kwali da Gwagwalada, ya ɓulla Zuba, sa'an nan ya kama hanyar Kaduna. Albasarmu da tumatirinmu da hatsinmu da shanunmu da ragunan layyarmu, da yawansu ta wannan hanya suke gangarowa. Matanmu da 'ya'yanmu kuma ta nan suke hawa in za su ganin gida ko bikin salla.

Na biyu, a Abuja hedkwatar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take, watau waɗanda muke kira 'yan Rod Sefti. An kafa wannan hukuma cikin watan Fabrairu na 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Abin da suka gwada a Abuja, shi ne yakan nuna mana inda aka dosa a sauran ƙasa.

Shi kansa birnin, wanda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar ginawa cikin 1976, aka kuma koma cikinsa daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991, an yi masa tituna masu faɗi da santsi. Dubi hanyar Kubwa, ko hanyar filin jirgin sama. Wanda ya saba da cunkoson Oshodi ko na gadar Anaca, in ya hau irin wannan titi sai ƙafarsa ta yi nauyi a kan totur. To, titi mai kyau yana rage wahala, amma yana ƙara gudu, gudu kuwa shi ne yake mai da ƙaramin sakaci ya zama makoki.

ABIN DA WAYA KE YI WA DIREBA

Wayar salula ba daɗaɗɗiyar aba ba ce a ƙasar nan. Cikin 2001 ne, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka ba kamfanoni lasin, aka fara sayar da layuka ga jama'a. Kafin wannan, direban da ya tashi daga Kano sai ya iso Ikko za a san ya iso. Ba mai musun alherin da waya ta kawo. Mota ta lalace a daji, a kira bakanike. An tare hanya a gaba, a faɗa wa na baya. Farashi ya canja a kasuwa, a sanar da mai kaya. Ba wanda ke cewa a koma jiya. Illarta ɗaya ce, ita ce lokacin da ta haɗu da sitiyari a hannun mutum ɗaya.

Tuƙi yana bukatar abu uku daga direba: idonsa, da hannunsa, da hankalinsa. Waya kuwa duka ukun take nema. Bari mu yi ɗan lissafi wanda kowa zai iya bi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan ɗaya. In direba ya sunkuyar da kai na sakan 5 yana neman lamba ko yana karanta saƙo, motar ta ci kusan mita 140 ba mai ganin gabanta. Wannan ya fi tsawon filin ƙwallo. Ku ɗauka an ce wa direba ya rufe idonsa daga wannan raga zuwa waccan a tsakiyar Gwagwalada ranar kasuwa. Ba direban da zai yarda. Amma abin da yake yi ke nan duk sa'ad da ya duba waya, illa dai bai kira shi da wannan suna ba.

Masu bincike sun auna abin. Cikin 1997 wasu masana a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka ɗauki direbobi 699 waɗanda suka yi haɗari, suka gwada lokacin haɗarin da takardun kiran wayarsu. Suka tarar cewa haɗari yana ninkuwa kusan sau huɗu a lokacin da direba ke waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma wannan adadi take bayarwa, ta kuma ce wayar da ake magana da ita ba tare da an riƙe ta a hannu ba, ba ta fi ɗayar aminci sosai ba. Dalili kuwa a fili yake. Ko hannu yana kan sitiyari, in hankali yana Mile 12 ana cinikin kwandon tumatir, to mutum rabinsa ne a cikin mota.

Cikin 2009 wata cibiyar binciken sufuri ta Jami'ar Virginia Tech a Amurka ta fito da sakamakon wani aiki da aka yi da kyamarori a cikin manyan motocin ɗaukar kaya. Aka ga direban da ke rubuta saƙo yana fuskantar haɗari ninki 23 a kan wanda ya mai da hankali ga tuƙi, kuma yakan ɗauke ido daga titi kimanin sakan huɗu da rabi. 'Yan'uwanmu masu jan tirela da tanka su lura da wannan da kyau. Ko a gudun kilomita 60 a awa, wannan ɗan lokaci ya kai mita 75, kuma kun fi ni sanin cewa tirelar da aka yi wa lodi ba ta tsayawa inda aka taka mata birki.

Akwai kuma wani bincike da ya kamata ya taɓa mu. Cikin 2006 masana a Jami'ar Utah, a can Amurka, suka gwada tuƙin mai waya da na wanda ya sha barasa har iyakar da dokar ƙasarsu ta yanka, suka ga lalacewar tuƙin mai waya ba ta gaza ta mashayin ba. To jama'a, wane ne a cikinmu zai sa iyalinsa a motar direban da ke warin barasa? Babu. Da mun tashi tsaye, da mun tara masa jama'a a tasha. Amma ga wanda ya manna waya a kunne tun daga Zuba har Abaji, muna zaune a bayansa muna cin gyaɗa.

ABIN DA DOKA TA CE, DA ABIN DA AKA GWADA

Amfani da waya a lokacin tuƙi laifi ne a dokar ƙasar nan. Dokar da aka sake kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a kanta cikin 2007 ta yanka wa wannan laifi tarar naira 4,000, tare da maki 4 da ake rubuta wa lasin direba, kuma in maki suka taru ana iya dakatar da lasin ko a janye shi. Mazauna Ikko kuma sun san dokar hanya ta jihar ta 2012, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ita ma ta hana.

Da hukumar ta ga tara ba ta tsorata mutane, sai ta ɓullo da wata dabara a Abuja. Daga ran 1 ga Yuli 2017, lokacin da Boboye Oyeyemi ke shugabancinta, aka fara wani samame da suka sa wa suna Cobra, watau gamsheƙa. Wanda aka kama yana waya a kan tuƙi, ko ya keta wutar ba da hannu, ko ya bi hannun da ba nasa ba, ko yana tuƙin ganganci, sai a karɓe lasinsa a tura shi asibitin gwamnati a duba lafiyar hankalinsa, kuma shi zai biya kuɗin gwajin. Mutane sun yi ta surutu, wasu suna dariya, wasu suna fushi, suna cewa an mai da su mahaukata. Amma hikimar abin ba ɓoyayya ba ce. Babban mutum mai babbar mota ba ya jin naira 4,000, amma yana jin kunya, yana kuma jin ɓata wuni guda a layin asibiti.

An kuma yi wata taƙaddama a Abuja cikin Nuwamban 2019, da aka ruwaito wani jami'in hukumar yana cewa duba taswirar Google a waya lokacin tuƙi laifi ne. Daga baya hukumar ta yi bayani cewa ba taswirar aka hana ba, riƙe waya da latse-latsenta ana cikin tafiya shi ne abin da doka ta hana. Wannan ya shafi samarinmu masu tasi da masu kai saƙo a babur. Ka saita inda za ka tun kana tsaye, ka kafa wayar a mazauninta, sa'an nan ka tashi.

A wasu ƙasashe hukuncin ya fi namu zafi. A Ingila an hana riƙe waya a kan tuƙi tun Disamban 2003, kuma cikin Maris 2017 aka ɗaga tarar zuwa fam 200 da maki 6. Sabon direban da bai cika shekara biyu da samun lasin ba, kamu ɗaya ya isa ya raba shi da lasin. Mu kuwa a nan, lokacin da aka yanka naira 4,000 cikin 2007, tarar kuɗi ce mai nauyi a kan mai ƙaramin albashi. Cikin Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Kun ga kuɗin da ya yi nauyi jiya ya zama na shan shayi. Lalle ne hukunci ya riƙa tafiya da zamani, kuma a yi shi a kan kowa, mai jiniya da mai kabu-kabu. Ranar da talaka ya ga an tsayar da shi an bar mai gilashi mai duhu ya wuce da waya a kunne, ranar dokar ta mutu a zuciyarsa.

WA KE KIRAN DIREBA?

Amma ko da an ninka tarar sau ɗari, ɗan Rod Sefti ba zai iya zama a cikin kowace mota ba. Yana tsaye a Giri ko a Abaji, direba ya hango shi ya sauke waya, ya wuce shi ya ɗauka. Tsakanin Lakwaja da Zuba tafiya ce ta sa'o'i, kuma mafi yawanta ba idon hukuma a kai. Saboda haka mu tambayi kanmu tambayar da ba a cika yi ba: wannan wayar da ke ƙara a aljihun direba, wa ke bugo ta?

Sau da yawa mu ne. Alhaji mai kaya ne a kasuwa, wanda tumatirinsa ke kan hanya, rana tana yi, farashi yana sauka, yana kira kowane rabin awa: "Kana ina? Ka wuce Gwagwalada? Me ya tsayar da kai?" Dillali ne yana son ya san ƙarfe nawa shanu za su sauka. Mai mota ne yana bin sawun motarsa. Ɗan kamasho ne yana cewa akwai fasinja a gaba. Wanda ya ba da saƙo ne yana tambaya ko an kai. Uwargida ce tana son ta ji lafiya. Ba ɗaya daga cikinsu da ke nufin sharri. Amma direba talaka ne mai neman abinci. In bai ɗauki wayar maigidansa ba, ya san gobe wani za a ba lodin. Mun sa shi tsakanin fushinmu da ransa, sa'an nan in abu ya faru mu ce direbobi ba su da hankali.

Wannan ita ce maganar da na fi so ku tafi da ita. Kira mutum biyu ke yin sa. Ɗaya yana kan titi, ɗaya yana zaune a inuwa. Doka tana kama na kan titi kaɗai, amma alhaki ya san hanyar gidan na inuwa.

TO, YAYA ZA A YI?

Ga mai kaya da mai mota: kafin mota ta tashi, ku yi yarjejeniya da direba a kan wuraren da zai tsaya ya kira ku da kansa, alal misali in ya isa Zuba, in ya isa Lakwaja, in ya isa Okene. Ku karɓi lambar yaron mota, shi za ku riƙa kira. In kun buga wa direba bai ɗauka ba, kada ku yi ta maimaitawa, kada kuma ku yi masa faɗa in ya iso. In kuwa ya ɗauka kuka ji ƙarar inji, ku ce, "Malam, ashe tuƙi kake yi, kira ni in ka tsaya," ku kashe. Kwandon tumatir in ya ruɓe ana sake noma wani.

Ga direba: taura biyu ba ta taunuwa. Miƙa wa yaronka wayar tun a tasha. In kai kaɗai ne, sa ta inda hannunka ba ya kai wa. Na san za ku ce mini hanya ba lafiya, ba a tsayawa ko'ina, musamman da dare, kuma wayar ce ke gaya muku in an tare gaba. Gaskiya ne, ba kuwa wanda zai ce ku tsaya a tsakiyar daji. Amma wannan dalili ne na a ba wani mutum a cikin mota wayar ya zama kunnenku, a kuma tsaya a gari ko gidan mai ko wurin da jama'a suke in kiran ya zama tilas. In za ka tsaya, ka sauka daga kan titi sosai, ka kunna fitilar gargaɗi, kada maganin wani haɗari ya haifi wani.

Ga fasinja: kuɗin mota ka biya, ba ranka ka sayar ba. Mu mutanen Arewa muna da kunya da kawaici, ga shi kuma muna zaune a garin wasu, mun saba da haɗiye magana don a zauna lafiya. Kawaici abu ne mai kyau, amma ba a nan ba. Ba kuma sai an yi zagi ko tsawa ba, don direban da aka fusata ya fi mai waya haɗari. Ka ce, "Malam direba, don Allah kawo in riƙe maka wayar, in faɗa masa kana tuƙi." Dattijo ya ce, "Ɗana, ajiye ta mu isa tukuna." In wani ya yi magana, sauran su goya masa baya, kada a bar shi shi kaɗai kamar shi ne mai neman fitina. Wanda ke zaune a gaba kusa da direba, nauyin ya fi hawa kansa. In direba ya ƙi ji, ku riƙe lambar motar, ku kai ƙararsa ga shugabannin tashar da ya yi lodi, ko ku gaya wa 'yan Rod Sefti a shingen farko da kuka tarar. In kuwa haɗari ya auku, lambar hukumar ta gaggawa ita ce 122, kuma kyauta ake kiranta.

Ga shugabannin tasha da na ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci: ku ne hukumar da direba ya fi jin tsoro, don ku ke ba da layi. Kuna da ikon hana direba lodi in bai biya kuɗin ƙungiya ba. To ku yi amfani da wannan iko a kan wanda fasinjoji suka kawo ƙararsa sau biyu ko uku. A rubuta lambar shugaban tasha a cikin mota inda kowa zai gani. Kafin mota ta tashi, ɗan kamasho ya faɗa da babbar murya cewa direban nan ba ya ɗaukar waya a hanya. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma yana ba direba hujjar da zai kare kansa a wurin maigidansa.

Ga sarakunanmu da malamanmu na zango: ku sa wannan magana cikin nasihar da kuke yi wa jama'a, musamman gab da salla da ƙarshen shekara, lokacin da hanya ke cika. Mutanenmu sukan ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar shagonsa a buɗe ya tafi barci don ya dogara ga ƙaddara ba. Wanda ke kulle shago saboda kaya, ya fi cancanta ya kashe waya saboda rai.

HALI YANA CANJAWA

Kada wani ya ce mutanenmu ba su jin magana. Ran 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar nan gaba ɗaya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma ta dama. Dattawan da ke nan sun tuna irin fargabar da aka yi, amma da aka yi ta shela a rediyo da tasha da kasuwa, direbobin da yawancinsu ba su yi boko ba suka koya, har yau ga shi muna kai. Cikin Janairun 2003 kuma aka fara tilasta ɗaura bel a mota, aka yi ta gunaguni, amma yanzu direba da kansa yake ce wa na gaba ya ɗaura. Abin da ya yiwu sau biyu zai yiwu sau uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titunan duniya kowace shekara, kuma in aka gwada da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna, ko da yake motocinmu ba su kai na wasu yawa ba. Mu da muke neman abinci nesa da gida mun san abin da wannan ke nufi. Mun san karo-karon da ake yi a zango don a yi wa ɗan'uwa sutura. Mun san nauyin da ke kan wanda aka ce shi zai buga waya Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi ya sanar da iyaye. Mutum guda in ya faɗi a hanya, gida biyu ke girgiza, na nan da na can.

Saboda haka ina roƙon kowa ya tashi daga wannan taro da alkawari ɗaya gwargwadon matsayinsa. Direba ya ce ba zai ɗauka ba yana tuƙi. Mai kaya ya ce ba zai matsa ba. Fasinja ya ce ba zai yi shiru ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, ya dawo da shi lafiya.